CIKIN MAI DAMUWA: ABINCIN BIRNI DA NAUYIN DA MUKE ƊAUKE DA SHI

Jawabin baƙo mai jawabi, wanda ɗaya daga cikin likitocinmu ya gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara, washegarin Babbar Salla

 

  

Lokacin da Shugaba ya kira ni ya ce ni ne zan yi jawabin bana, kuma in zaɓi abin da na ga dama, sai na ɗauko tsofaffin mujallunmu domin in ga abubuwan da magabatana suka yi magana a kai. Ban kai ga jawaban ba na tsaya a shafin ta'aziyya. Duk wanda ke da mujallun a gida ya duba ya gani. Hotunan tsofaffin da suka ga jika da tattaɓa-kunne suna nan, Allah ya jiƙansu. Amma kusa da su akwai hotunan waɗanda muka yi makarantar allo tare, waɗanda ko furfurar kirki ba ta kama su ba, kuma akasarinsu mazauna birni ne. In ka tambayi sanadi, sai a ce hawan jini, ko ciwon sukari, ko shanyewar ɓarin jiki, ko kuwa ya faɗi ne a ofis. Rai na Allah ne, babu mai ja da wannan. Sai dai Allah Ya sanya sababi ga kowane abu, kuma aikina shi ne duba sababi. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan abubuwa biyu da ba mu cika haɗa su wuri ɗaya ba, wato doguwar damuwa da abin da muke zubawa a cikinmu.

Idan na ce doguwar damuwa, ba ɓacin ran yini ɗaya nake nufi ba. Ina nufin nauyin da mutum zai kwana da shi ya tashi da shi wata da watanni. Kuɗin haya ya zo, kuɗin makarantar yara ya zo, mai gidan da ake yi wa aiki ba ya sakin fuska, kasuwa ta tsaya, ga kuma waya daga gida: Inna ba lafiya, rufin ɗaki ya yaye, ana neman kuɗin taki. Ɗan birni ba ya iya cewa babu, domin a gida an ɗauka wanda ke Abuja a bakin rijiyar kuɗi yake zaune. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 nauyin ya ƙaru, har a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da rahoton cewa hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk wanda ke zaune a wannan rumfa ya san wannan a aljihunsa, ba sai an karanta masa ba.

To, me wannan nauyi yake yi wa jiki? A shekarar 1936 wani likita mai suna Hans Selye, yana aiki a birnin Montreal na ƙasar Kanada, ya lura cewa duk irin wahalar da ya ɗora wa ɓeraye, sanyi ne ko rauni ko gajiya, jikinsu hanya ɗaya yake bi wajen mayar da martani. Daga cikin abin da ya gani, wasu 'yan halittu guda biyu da ke zaune a saman ƙoda kamar hula sun kumbura. Waɗannan halittu su ne ke fitar da sinadarai biyu, adiranalin da kotizol. Ku ɗauki manomi yana cikin noma sai ga kububuwa a gabansa. Nan take zuciyarsa za ta buga da sauri, jininsa ya hau, hanta ta sako sukari cikin jini domin ƙafa ta sami ƙarfin gudu, ciki kuma ya dakatar da narka abinci, tun da ba lokacinsa ba ne. Wannan rahama ce. In macijin ya wuce, komai sai ya koma daidai. Matsalar ɗan birni ita ce nasa macijin ba ya wucewa, kuma ba irin wanda ake guje wa da ƙafa ba ne. Yana zaune a kujera sukari na yawo a jininsa babu aikin da zai ƙone shi. Kotizol, wanda bisa al'ada yake hawa da safe ya sauka da dare domin mutum ya yi barci, sai tsarinsa ya rikice.

Ga inda ciki ya shigo. Wasu mutane in damuwa ta kama su abinci fita yake daga ransu. Amma da yawa, musamman in abin ya daɗe, ransu kan karkata ga zaƙi da maiƙo. Ba kwaɗayi ne kawai ba. Wata masaniya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Mary Dallman, ita da abokan aikinta sun nuna a 2003 cewa ɓerayen da ke cikin doguwar wahala suna neman kitse da sukari, kuma cin su yana ɗan kwantar da ƙararrawar damuwa a ƙwaƙwalwa. Wato jiki ya gano wani ɗan magani na wucin gadi. Kuɗin maganin kuwa shi ne kitsen da ke taruwa a ciki, a kewayen hanji da hanta, wannan tumbin da muke yi wa kirari da alamar hutu. Ranka ya daɗe, a wurinmu likitoci, tumbin da ya riga mai shi shiga ɗaki ba alamar hutu ba ce, sau da yawa ma alamar rashinsa ce.

Bari in ba ku labarin yinin wani magidanci da nake dubawa, ba ɗan garin nan ba ne, kada kowa ya waiwayi maƙwabcinsa. Yana zaune a Mararaba, yana aiki a cikin Abuja. Da ya sallame sallar Asuba yake fita domin ya riga cunkoson motoci, babu abin da ya sa a bakinsa. Wajen ƙarfe goma ya aika a sayo masa shayi mai kauri da burodi. Azahar ta wuce yana kan aiki, sai ya sha lemon kwalba da biskit ya ce ya toshe. In barci ya taso masa da la'asar, ya fasa goro, ko ya sha abin nan na gwangwani da ake cewa yana ƙara kuzari. Ba zai isa gida ba sai bayan Isha, a gajiye, a fusace, da yunwar yini guda. A lokacin ne zai zauna gaban tulin farar shinkafa da miya mai iyo da mai, ko taliyar leda biyu da ƙwai, ya bi da wani lemon, ya kwanta. Ya zo wurina yana kukan ciwon kai, da faɗuwar gaba, da rashin barci, da saurin fushi da iyali. Ya yi zaton sammu ne. Da na auna jininsa, ni ne na ji tsoro, ba shi ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a binciken masana shi ne, abinci iri ɗaya ba aiki ɗaya yake yi a jikin mai damuwa da jikin mai kwanciyar hankali ba. A Jami'ar Jihar Ohayo ta Amurka, Janice Kiecolt-Glaser ta ba mata 58 abinci mai maiƙo iri ɗaya, ta auna yadda jikinsu ya ƙone shi cikin sa'o'i bakwai. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna cewa waɗanda suka gamu da abin ɓacin rai a jajibirin gwajin sun ƙone ƙasa da na sauran da kalori 104. Abin kamar kaɗan ne, amma in kullum haka ne, zai iya zama kusan kilo 5 a shekara. A wannan shekarar dai, wasu masana a San Faransisko suka bi mata 61, daga ciki 33 suna jinyar miji ko mahaifi mai ciwon ruɗewar tsufa. Suka tarar cewa yawan cin zaƙi da maiƙo yana tafiya tare da faɗin ƙugu da alamun farko na ciwon sukari a wurin masu jinyar, alhali ba a ga wannan alaƙa a wurin sauran matan ba. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Ashe har a jikin mutum ɗaya, abincin lokacin daɗi yana iya zama gubar lokacin wahala.

Na kawo wannan bincike na biyu da gangan, saboda iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata da ke zaune a wancan ɓangare. Idan tsoho ya kwanta a gida, birni ake kai shi, kuma mun san wadda jinyar ke faɗawa a kanta. Ita ce mai juya shi, mai wanke shi, mai kwana a tabarmar asibiti, ga yara ga girki, wata ma ga aikin ofis. Kowa ya zo dubiya majinyaci yake tambaya. Ban taɓa jin wanda ya tambayi mai jinya ko ta ci abinci ba. Abincinta ragowar na mara lafiya ne, da lemon da 'yan dubiya suka kawo, da fanke daga bakin ƙofar asibiti. Na sha ganin an sallami majinyaci, bayan 'yan watanni mai jinyar ta dawo a matsayin mara lafiya.

Abubuwa uku ne suka fi yi mana ɓarna, kuma dukkansu muna shan su ne da sunan neman sauƙi. Sukari shi ne na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da baligi ke ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, in ma da hali a tsaya a 6. Yawancin lemunan kwalba suna ɗauke da kimanin giram 10 a kowane mililita 100, saboda haka roba ɗaya mai rabin lita ta cinye kason yini gaba ɗaya, ba a zo kan shayi ba. Sukarin da ya shiga jini da gudu, da gudu yake sauka, in ya sauka kuwa sai kasala da rawar jiki da ƙuncin rai, sai a sake neman wani. Sai gishiri. Ƙa'idar hukumar ita ce ƙasa da giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, alhali ɗunƙulen da muke jefawa a miya huɗu-huɗu kusan rabinsa gishiri ne, sannan a ƙara gishirin kansa, a kawo yaji shi ma da nasa. Jinin da damuwa ta riga ta tura sama, gishiri ke riƙe shi a can. Na ukun shi ne kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da shayi da kofi da abubuwan ƙara kuzari. Ba na gaba da goro, ni ma jikan mai cin goro ne. Amma a sani cewa bayan kimanin sa'o'i biyar rabin kafeyin ɗin yana nan a jiki. Wanda ya ci goro da Magariba, ko ya zauna majalisar shayi har goma na dare, ya sayar da barcinsa. Wanda bai yi barci ba kuwa, gobe yunwarsa da fushinsa duk sai sun ƙaru.

Yanzu sai a tambaya, in abinci yana ƙara wa mai damuwa ciwo, shin yana iya rage masa? A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙananan halittu, bakteriya, da yawansu ya wuce lissafin baki. Abincinsu shi ne ɓangaren hatsi da wake da ganye wanda cikinmu ba ya iya narkarwa, irin dusa da zare-zaren ganye. Idan sun ci, suna fitar da sinadaran da ke lafar da kumburin cikin jiki, kuma akwai jijiya da hanyoyin jini da ke kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa. Bahaushe da ya ce cikinsa ya ɗuri ruwa lokacin tsoro, ya riga masana lura da wannan hanya.

A ƙasar Ostareliya, Felice Jacka ta Jami'ar Deakin ta jagoranci wani gwaji da aka buga a 2017. An ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa mai tsanani, aka raba su biyu. Kashi ɗaya aka koya musu gyara abinci: hatsin da ba a cire masa dusa ba, wake, ganye, 'ya'yan itatuwa, kifi, da rage zaƙi da soye-soye. Ɗaya kashin aka riƙa zama ana hira da su kawai. Bayan mako 12, kusan kashi 32 cikin ɗari na masu gyaran abinci ciwon ya lafa musu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 8. A 2022 masana a birnin Cork na ƙasar Ayilan suka gwada mutum 45 na tsawon mako huɗu da abinci mai yawan ganye da hatsi da wake da abubuwan da aka tsimar. Waɗanda suka fi riƙe tsarin su suka fi ba da rahoton raguwar damuwa, ko da yake bambancin da ke tsakanin rukunonin biyu bai kai a yanke hukunci da shi ba. Gwaje-gwajen nan ƙanana ne, kuma haka ya kamata a ɗauke su. Babban gwajin da aka yi a ƙasashe huɗu na Turai, mai mutum 1,025, wanda ya fito a 2019, ya ba mutane ƙwayoyin ƙarin sinadarai har shekara guda, bai kuwa hana su kamuwa da ciwon damuwa ba. Wannan ya isa amsa ga masu yawo ofis-ofis da robobin ƙwayoyi masu tsada suna cewa maganin gajiya da tunani ne. Ku riƙe kuɗinku ku kai kasuwar hatsi.

Da na karanta jerin abincin da aka ba mutanen nan, dariya ta kama ni, domin tukunyar kakata na gani an yi mata suna da Turanci. Gero da dawa da acca hatsi ne masu sauka a jini sannu a hankali, muddin ba a surfe su har sun yi fari fat ba. Wake muna da shi, a ɗanwake da alala da garau-garau. Ganye kuwa sai wanda ka zaɓa: zogale, rama, yakuwa, tafasa, alayyafo, kuka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda ɗan birni ke jin kunyar a gan shi da shi, ya fi abin da ke cikin leda mai ƙyalli nesa ba kusa ba. Gyaɗa da riɗi da gero da ganye suna ɗauke da maganiziyam, sinadarin da jijiyoyi da tsoka ke bukata. Abin tsimi ma ba baƙonmu ba ne, ga daddawar kalwa, ga nono da kindirmo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini. Muna yara, tsakanin kanya da magarya da ɗinya da goruba da mangwaro, da kwaɗon da ake yi da rana, ba mu san muna bin wata ƙa'ida ba.

Kada a ce na ce duk abin gargajiya lafiya ne. A shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, sun yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa da kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi, domin kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauke da cuta. Gyaɗa da masarar da suka yi funfuna suna da gubar da ke lalata hanta, a zubar da su. Furar da aka cika wa sukari ta tashi daga fura. Kuma malmala uku da kakanmu ke ci, yana ci ne ya ɗauki garma. Wanda alƙalami ne garmarsa, ɗaya da miya mai yawan ganye ta ishe shi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu raba ciki uku, ba sai na shiga gonarsu ba.

Na san wani zai ce, Likita, ana fama da abin da za a ci, kai kana zancen zaɓi. Gaskiya ne, kuma wanda ba shi da na yau ba da shi nake ba, shi haƙƙinsa ne a kanmu. Amma mafi yawanmu a nan muna kashe kuɗi a kan abinci, tambayar ita ce a kan wanne. A lissafa abin da lemon kwalba da biskit da taliyar leda ke ci a wata, a kwatanta da tiyar wake da ta gero. Magidancin nan na Mararaba ban ce ya canja duniya ba. Na ce kada ya fita da ciki wayam, ko koko da ƙosai ne, ko ɗumamen tuwo, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ya riƙa tafiya da abincin rana daga gida a kula, ya ajiye gyaɗa da dabino kaɗan a aljihun tebur, ruwa ya maye gurbin lemo, goro ya tsaya daga Azahar, abincin dare ya zama shi ne mafi sauƙi. Na kuma ɗora shi a kan maganin hawan jini, domin abinci ba ya maye gurbin magani. Kuɗin hayarsa bai ragu ba, mai gidansa bai canja hali ba. Amma da ya dawo, ya ce yana barci, uwargidansa kuma ta aiko a gaya mini yara sun daina gudu in sun ji ƙarar buɗe ƙofa.

Wannan batun magani ina so a riƙe shi da kyau. Kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba, domin ba ya sallama. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya ajiye don ya fara cin zogale. Mai ciwon sukari ko ciwon ƙoda ya shawarci likitansa kafin ya sauya abinci. Wanda kuma ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, ba barci, ba cin abinci, ko yana jin rayuwa ta ishe shi, wannan ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. A haɗa addu'a da zuwa asibiti.

Mai girma Shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. Tun da na zauna nake kallon akwatunan lemon da aka jibge a bayan rumfar nan. Ina roƙon baɗi a ba matan garin nan kwangilar kunun zaƙi mara yawan sukari, da zoɓo, da fura da nono, kuɗin ya tsaya a gida. Rassanmu na birane su riƙa haɗa kuɗi da kaka, lokacin da hatsi ke da sauƙi, a sayi gero da dawa da wake kai tsaye daga manomanmu a aika musu a mota ɗaya. Idan ɗan ƙungiya yana jinya, a cikin gudummawar da aka saba bayarwa a ware kwanon abinci na mai jinya, a kuma sami wadda za ta karɓe ta ko da yini ɗaya a mako. Ni da ma'aikatan lafiya 'yan garin nan mun zo da na'urorin awon jini da na sukari, muna ɗakin karatu na farko daga hannun dama har zuwa Magariba, kyauta ne. Ranka ya daɗe, in ka yarda, da kai za mu fara, domin in an ga uban ƙasa ya miƙa hannu babu wanda zai noƙe.